Riƙon Azila

Talata, da hantsi

Zazzaɓin bai sauka ba. Inna ta ce haka yake yi wa mata bayan irin wannan haihuwa, in fita daga ɗakin in daina tsaya mata a ka kamar turke. Na fita. Na je ramin jima na juya fatun da ba su buƙatar juyi, na dawo.

Guntayen fatar nan da nake rubutu a kai, gefe-gefe ne da nake yankewa idan na gyara wa 'yan zuhudu fatar littafi. Su suka koya mini baƙi ina yaro, kafin su gane kaina ba na addu'a ba ne su mayar da ni wajen wari. Ban taɓa rubuta abin kaina ba sai yau. Ba ni da wanda zan gaya wa. Inna faɗa kawai ta iya, 'yata Azila shekararta shida, matata Berlind kuwa ita ce maganar.

Kwandon jariri da na saƙa, Inna ta ɗauke shi daga gefen gado tun jiya. Na gan shi a rumbu, ta zuba albasa a ciki.

Talata, da yamma

Berlind ta farka ta sha ruwan sha'ir. Ta dube ni ta ce in matsa, warina ya fi zazzaɓin damunta. Na ji daɗi ƙwarai, don tun Lahadi ba ta zage ni ba.

Laraba, da rana

Inna ta tare ni a bayan ɗaki, ta tono maganar da muka yi shekaru muna tsallakewa.

"Hunolt, in yarinyar nan ta tafi, Azila ta wa ce?"

Na ce tawa mana, wace irin tambaya ce wannan. Ta ce a cikin gidan nan tawa ce, a gaban alƙali fa?

Aurenmu na ƙauna ne, ba na riƙo ba. Da ƙafarta Berlind ta zo. Ta hawo jirgin fito daga ƙetaren tafki da rana tsaka, ƙunshin kayanta a ka, ta ratsa tsakiyar ƙauye kowa yana kallo, ta shiga ɗakina. Da gari ya waye na ba ta kyautar safiya a gaban maƙwabta, akuya mai farin goshi da matsefin ƙaho. Aure ne, ba wanda ya taɓa kiransa da wani suna. Abin da ba a yi ba shi ne, mahaifinta bai kama hannunta ya sa a nawa ba, bai miƙo mini safar hannu ba, ni ma ban kai masa saniya da takobi ba. Saboda haka riƙonta bai bar gidansu ba. Da tsohon ya rasu, riƙon ya koma wajen yayanta Otgar. Abin da mace ta haifa kuwa, inda riƙonta yake can yake bi.

Ba sau ɗaya ba na ce a yi, ita take ƙi. Cewa take ita ba karsana ba ce da za a kwance daga wannan turke a ɗaure a wancan, kuma ta fi so in riƙa kwana da sanin cewa tana iya tafiya amma ta zauna. Dariya nake yi idan ta faɗa. A lokacin abin dariya ne.

Inna ta ce in aika wa Otgar yau ɗin nan, don abin ba ya yiwuwa sai Berlind tana numfashi. Ba haka ta faɗa ba, ta fi haka gatsawa, amma ba zan rubuta ba.

Laraba, da yamma

Na jira har Inna ta fita tatsar awaki, na zauna a bakin gadon Berlind. Na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aron gatari. Tun ban kai rabi ba ta gane. Ta daɗe tana kallon rufin ɗaki, sannan ta tambaya ina Azila. Na ce tana waje tana korar agwagi.

"To, ka saye ni, Majemi," in ji ta. "Amma ka taya da arha. Kayan sun lalace."

Na yi dariya don ta ga na yi. Daga nan na sauka bakin tafki na ba mai fito saƙo, gobe da sassafe ya haye ya gaya wa Otgar ƙanwarsa na kiransa, ya zo da safar hannu, kada ya tsaya ko ɗaurin takalmi.

Alhamis, da sassafe

Hazo ya rufe tafki. Mai fito ya ce ko bakin filafilinsa ba ya gani, kuma shi ma yana da 'ya'ya. Na roƙe shi, na zage shi, na sake roƙonsa. Ya ce da zarar ya ɗaga zai tafi.

Alhamis, da yamma

Bai ɗaga ba.

Na ɗauko fatar barewar da na ajiye don in yi wa Berlind takalmin sanyi, na yanka safar hannu. Na san Otgar, mutum ne da zai je ɗaukar amarya ya manta da ita a hanya. In ya iso ba safa, ba na son a ce a dakata. Ta dama kaɗai ake buƙata. Na goge takobin Baba da toka, na ƙara wa jar saniya dusa, kada ya ce ramammiya na kawo masa.

Juma'a, da hantsi

Hazo.

Juma'a, da yamma

Na je wajen limamin coci. Na bi ta bayan ginin, inda ruwan rufi ke ɗiga. Ƙasar wurin da muka binne jaririn sabuwa ce, ba ta fi tsawon damtsena ba. Na ce ba zan tsaya ba. Na ɗan tsaya.

Liman Drudo mutumin kirki ne, sai dai tsoro. Na tambaye shi ko zai iya kama hannunta ya sa a nawa, tunda dukanmu uba muke ce masa. Ya ce albarka dai zai iya sa mana, ko yau in ina so, ya ma daɗe yana jira mu nema. Amma riƙo ba na coci ba ne, na gidan ubanta ne.

"Allah ya san 'yarka ce, Hunolt," in ji shi. "Amma ba shi ke zaman shari'a a gindin itace ranar Asabar ba."

Ya biyo ni gida ya yi mata addu'a, ya shafa mata mai. Berlind ta ce ya yi a hankali da man, ba gasa ta za a yi ba. Ya yi kamar bai ji ba, amma na ga kunnuwansa sun yi ja.

Asabar, da rana tsaka

Hazo ya ɗaga. Da idona na ga jirgin ya bar gaɓa, na tsaya har ya zama ɗigo.

Berlind ta sha fate rabin akushi. Azila ta hau gado tana taje mata kai da matsefin ƙaho, tana fizga tana ba ta haƙuri. Inna ta ce ta sauka kafin ta ƙarasa uwar, Azila ta ce tsohuwa mai haƙori biyu ba ta da bakin magana, Inna ta bi ta da ludayi har waje. Berlind ta yi dariya har ta riƙe ciki. Yau na yarda mu huɗu za mu ga narkewar ƙanƙara.

Lahadi, da yamma

Mai fito ya dawo shi kaɗai. Otgar ba ya gida. Ya kora aladu dajin kan tudu su yi ƙiba kafin yanka, kamar kowa a wannan lokaci, kuma ba wanda ya san kwarin da yake. Matarsa ta ce za ta tura a nemo shi. Ta aiko da zuma da kitsen agwagwa.

Zazzaɓin ya dawo, ya fi na da. Na ɗinka yatsu uku na safar.

Litinin, da hantsi

Na ɗaura takalmi na ce zan haye in shiga dajin da kaina. Inna ta ce in tafi, zamana ba ya sauke zazzaɓi. Gaskiyarta ce. Na shiga in yi sallama, Berlind ta kama bakin rigata. Ba ƙarfi a hannun, ko Azila za ta iya ɓamɓare shi. Ta ce in na tafi, da wa za ta yi faɗa. Na ce yanzu zan dawo. Ba ta saki ba.

Na kwance takalmin. Ban san wadda ta fi gaskiya a cikinsu ba, ba na kuma jin zan taɓa sani.

Talata, da rana

Iska. Tafki ya haukace, ba jirgin da zai iya. Berlind tana magana da mahaifinta, tana ce masa ya bar ƙofar a buɗe.

Laraba, rana ta karkata

Ta dawo hayyacinta sarai, har abin ya ba ni tsoro. Ta sa aka kira Azila, ta ba ta matsefin, ta ce ta koyi taje kanta da kanta don babanta karce fata kawai ya iya. Sannan ta ce mata ta je ta duba ko akuya ta haihu. Azila ta ce ai ba ta da ciki. Ta ce ta dai je ta duba.

Ta ce in kawo safar ta gani. Saura babban yatsa. Ta jujjuya ta, ta ce ɗinkin ya karkace. Ta tambaya ko Otgar ya zo, na ce yana hanya. Ta yi mini kallon da take mini idan na ce ƙahon giya ɗaya kawai na sha.

Sai ta ce in kira Inna da maƙwabcinmu Ratolf. Da suka shigo, ta tallafo hannunta na dama da na hagu, don ba ya ɗaguwa shi kaɗai, ta ɗora a tafina, ta ɗora safar a kai.

"Ni na kawo kaina, ni na ba da kaina. Da ni da abin da na haifa. Ku shaida."

Ratolf ya ce ya shaida. Inna ta juya ta fuskanci bango. Ni kuwa na riƙe, na yi ta riƙewa.

Alhamis, da asuba

Na ba awaki ruwa.

Alhamis, da rana

Na sake ba awaki ruwa. Inna ta ce sun sha, in ƙyale su.

Ta buɗe ƙofa da tagar hayaƙi duk da sanyin nan, ta kwashe ciyawar shimfiɗa ta ƙone. Ratolf ya zo da katakan akwatin gawa, bai tambaye ni tsawo ba. Matan ƙauye sun cika gidan, kowace da tukunyarta. Azila tana ta tambaya me ya sa yau ake girki da yawa.

Juma'a, da yamma

Ƙasa ta fara daskarewa, sai da aka sa gatari. Na roƙi Liman a haƙa kabarin kusa da bayan coci, wajen da rufi ke ɗiga. Ya yarda.

Da muka sauko na dubi tafki. Kwance luf, ko iska babu, har ana hango hayaƙin gidajen ƙetare.

Asabar, da hantsi

Yayanki ya zo, Berlind.

Da gudu ya hauro daga gaɓa, taɓo har gwiwa, warin aladu a jikinsa ya danne nawa. Na zalunce shi, bai manta ba. Safar mahaifinku tana soke a ɗamararsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ga gadon ba shimfiɗa. Ya tambaya ina kike. Sai ya zauna a dokin ƙofa, ƙaton mutum kamar sa, ya kife fuskarsa a cikin safar.

Sai jiya saƙon ya same shi. A daji ya watsar da aladun ya taho. Na so in tsane shi, na kasa.

Lahadi, bayan an fito coci

Na jawo jar saniya har ƙofar ɗaki, na ɗora takobin Baba a kan bargo, na ce masa ga su. Na faɗa masa abin da kika yi ranar Laraba, Ratolf ya tabbatar. Na ce ya miƙo safar kawai, 'yan kwanaki ne tsakani, ba wanda zai ɗaga magana.

Ya daɗe yana shafa wuyan saniyar. Ya ce da yana iyawa da ya yi, amma hannun wa zai kama? Duk ƙauyen nan sun san ranar da ya iso. Na ce to ya ba ni riƙon Azila. Ya dube ni kamar na yi saɓo.

"Riƙon 'ya mace miji ake ba wa, Hunolt. Kai ubanta ne."

Na ce to ya riƙe riƙonsa a can, ya bar mini yarinyar a nan, me zai rage shi da shi? Sai ya tambaye ni ƙasar wa nake zaune a kai. Ta 'yan zuhudu ce, ya sani sarai. Ya tuna mini yadda farar ƙasar jima ta cinye ƙirjin Baba tun gashinsa bai yi furfura ba, ya kuma ce ya ji tarina da safe.

"Ranar da ka faɗi, ba ta da gadonka, ba ta da mai tsaya mata a wannan gaɓar. Kafin labari ya haye tafki an sa ta cikin 'yan aikin gandu, kuma ka san wanda ya shiga can ba ya fitowa. A gidana 'ya ce."

Ba da tsawa ya faɗa ba. Da ya yi tsawa da na ji sauƙi. Ya ce zai jira zaman alƙali na Asabar, don kada in ce ƙarfi ya nuna mini. Na mayar da saniyar turkenta.

Litinin, da yamma

Inna ta ce in ɗauki yarinyar in bi fataken gishiri in haye duwatsu, a can ba wanda ya san mu. Na ce da ƙanƙarar nan, da ƙirjin nan nawa? In na faɗi a can kuma, ta wa ce? Ta ce to in zauna in yi ta karce fata har su ɗauke ta. Daga baya na jiyo ta a rumbu tana kuka. Ta daɗe wajen ɗibar albasa ɗaya.

Talata, da hantsi

Na yi fushi da ke yau. Karsana, ko? To ga shi ba a ɗaure ki ba, 'yarki za a kwance. Da ƙarfi na faɗa, a ramin jima, fatu suna ji. Na ce taurin kanki ne, na ce girman kan gidanku ne, na faɗi abin da ya fi haka.

Sai na tuna yadda kike buɗe ƙofa kowace safiya, ki dubi tafki, ki yi miƙa, ki ce yau ma kin fasa tafiya, sannan ki hura wuta. Ba ranar da ban ji daɗin jin haka ba. Na zauna a bakin ramin har hannuna ya daina jin sanyi.

Laraba, da rana

Otgar ya sassaƙa wa Azila ɗan jirgi da filafili. Tun safe take biye da shi, Kawu kaza, Kawu kaza. Ya ce mata a gidansu akwai alade mai kunne ɗaya, ta ce ƙarya ne, ya rantse. Abin yana ci mini rai, kuma na san gara haka.

Wajen cin abinci ta tambaye ni mene ne riƙo, don ta ji kowa yana faɗa. Na ce shi ne wanda ke tsaya maka idan wani ya taɓa ka. Ta ce ai ni ne ke nan. Na ce haka ne. Otgar ya ajiye burodinsa ya fita duba sararin sama.

Alhamis, da yamma

Na ƙarasa babban yatsan. Na warware inda kika ce ya karkace, na sake ɗinkawa. Ban san don me ba.

Juma'a, da rana

Na bi gida-gida neman masu shaida. Ba wanda ya ƙi. Matar Ratolf ta ce har jan mayafin da kika yafa ranar da kika zo tana tunawa, da yadda kika tsaya a tsakiyar ƙauye kika tambaya da ƙarfi ina gidan mai warin nan. Kowa ya ce zai zo, kowa ya ba ni abin sha. Ba wanda ya haɗa ido da ni.

Asabar, da yamma

An zauna a gindin itacen gaban coci, dusar ƙanƙara tana sauka kaɗan-kaɗan. Kafin a zo kanmu sai da aka yi shari'ar wani alade da ya shiga gonar kabeji. An sha dariya. Ni ma ina jin na yi.

Alƙalin tsoho ne, ya san mahaifinki. Ya tambaya ko da rana kika zo, aka ce da rana tsaka. Ya tambaya ko an ba da kyautar safiya a gaban mutane, aka ce an bayar. Ya ce to aure ne, kuma duk wanda ya kira yarinyar nan da mummunan suna zai gamu da shi. Wallahi zuciyata ta yi tsalle, Berlind. Na ɗauka shi ke nan.

Sai Ratolf ya tashi ya ba da labarin ranar Laraba. Bai iya magana ba, kin san shi, amma ya faɗa daidai yadda kika faɗa, har da tallafo hannun. Na ji mata suna jan hanci a baya. Alƙali ya cire hula ya sosa kai, ya mayar.

"Abin da ta yi ya yi kyau," in ji shi. "Amma riƙonta ba nata ba ne, balle ta bayar."

Na tashi in yi magana, na buɗe baki, tari ya zo. Suka jira ni har na gama. Da na gama na zauna.

Alƙali ya ƙara da cewa tunda a ƙarƙashin rufina kika rasu alhali riƙo bai zo hannuna ba, Otgar yana da ikon neman diyya. Yayanki ya ce ko kaza ba ya so. Jama'a suka yi ta sa masa albarka, alƙali ya dube ni yana jira. Na yi godiya. A gaban kowa na yi wa mutumin da zai tafi da 'yata godiya, kuma ya cancanta.

Daga nan aka koma kan awaki. Kyautar safiya taki ce, da duk abin da ta haifa, yanzu kuma ta 'yarki ce, za ta bi ta. Aka kira Inna ta faɗi wace akuya ce ta haifi wace. Ta faɗa tana hararar kowa. Ashe duk na gidan daga mai farin goshi suka fito, ba ko ɗaya da ba tata ba. Alƙali ya bi zuriyar akuya ɗaya bayan ɗaya bai ɓata ba. Ni zuriyata guda ce tak.

Lahadi, da yamma

Inna ta wanke wa Azila kaya ta shanya a bakin wuta. Na ce wa Azila za ta je gidan Kawu ta ga alade mai kunne ɗaya. Inna ta ce kada in kuskura in sallami yarinya da ƙarya, ta zaunar da ita ta gaya mata komai.

Na zaci za ta yi kuka. Ta tambaya ko awaki za su je, aka ce za su je. Ta tambaya ko Kaka za ta je, aka ce a'a. Ni ba ta tambaya ba. Ta ɗauko matsefin ta hau bayana tana taje mini kai, tana fizga tana ba ni haƙuri.

Litinin, da yamma

Awaki aka fara lodawa. Mai farin goshi ta ƙi hawa, ta tunkuyi mai fito ya faɗa ruwa, yara suka yi ta ihu. Inna ba ta sauko ba, ta ce tana da aiki. Sauran ƙauyen duk suna gaɓa, kamar ranar da kika zo.

Da aka gama, Azila ta sa hannu biyu ta kama ɗamarata. Ba kuka, ta dai kama. Otgar yana tsaye cikin ruwa har ƙauri, ya miƙo hannu yana kiranta a hankali. Na ce masa ya zo ya ɗauke ta mana. Ya girgiza kai, ya ce ya riga ya faɗa ba zai yi da ƙarfi ba. Mai fito ya ce iska na tasowa, in ba a tafi yanzu ba sai wani mako. Na yi tunanin wani makon. Na ga yadda za a sake wanke kayan, a sake loda awaki, ta sake kama ni.

Na durƙusa. Hannunta ya yi sanyi ƙalau. Na zaro safar daga cikin rigata, na ɓamɓare yatsunta daga ɗamarar ɗaya bayan ɗaya, na zura mata. Ta kai mata har gwiwar hannu. Na kama hannun nata na dama, na shiga ruwan da ita a kafaɗa, na sa shi a cikin na Otgar.

Ban san bakina zai yi magana ba. Ji kawai na yi na ce, "Ku shaida."

Can na ji muryar Ratolf ya ce sun shaida.

Otgar ya ce in zo idan ƙanƙara ta narke, ƙofarsa a buɗe take. Na ce to. Na ce wa Azila zan zo, ba da daɗewa ba. Ta yi mini kallon nan naki, na ƙahon giya ɗaya.

Tafki kwance yake, Berlind. Iskar ma ba ta zo ba. Na daɗe ina hango su.

Talata, da sassafe

Na buɗe ƙofa na dubi tafki. Ba hazo.

Na ɗebo ruwa a guga na kai wa awaki. Sai da na isa na ga turakun. Na tsaya da gugan a hannu har Inna ta kira ni.